Karen da Ya Ba Ubana Suna

Na yi tuƙin babbar mota shekaru masu yawa. Na kwana a Abeshe, na yi azumi a Omdurman, na yi jinya a Kumasi. Bayan Hausa ina jin Zabarmanci da Fulatanci, ina jin Faransanci irin na tasha da Larabcin kasuwa, Turanci kuma gwargwadon abin da zai raba ni da mai shinge. Duk yawon nan ban taɓa yin tafiyar da na ji kunyar faɗin dalilinta ba, sai wadda na yi zuwa Paraku da Jugu bayan na haura saba'in. Labarin kare na je nema, kuma karen da irinsa ya ƙare.

Sunan mahaifinmu Muhammadu, amma a Jega ba wanda ya taɓa kiransa haka. Ɗanwaga ake ce masa har ya koma ga Allah. Yaran yanzu ba su san waga ba. Jakar fata ce mai tauri da fatake ke rataya wa jaki, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a cika su da goro. Kakanmu farke ne. Ya dawo daga tafiyarsa ta ƙarshe a hanyar Gwanja da yaro ɗan shekara uku da wani jan kwikwiyo, ya ce yaron ɗansa ne. Bai cika shekara ba ya rasu. Ba uwa, ba wanda ya ga ɗaurin aure. Irin karen kuwa, mai dogayen ƙafafu da ke kamo barewa a guje, ɗanwaga tsofaffin mafarauta ke kiransa. Abin da Baba ya iya tunawa biyu ne kawai: karyar tana kwana a ƙafafunsa har ta tsufa ta mutu, da kuma sunan wani gari, Zugu, wanda yanzu ake ce wa Jugu.

Baba yana da wata ɗabi'a. In aka ajiye masa abinci, bayan bisimilla sai ya gutsuri lomar farko ya ajiye ta a ƙasa, gefen tabarma ta hagu, sannan ya ci. Ko an tambaye shi sai ya ce shi ma haka ya tashi ya ga hannunsa yana yi. Ni da na fi kowa cin abinci tare da shi, hannuna ya ɗauka. Matana sun yi mitar har sun gaji.

Ranar sunan jikana ne abin ya fashe. Ɗana ya sa wa yaron Muhammadu, ya ce za a riƙa kiransa Ɗanwaga don tunawa da tsoho. Sai Garba, jikan ƙanen kakanmu, wanda muka daɗe ba ma ga maciji da shi, ya ajiye goron da ke hannunsa ya ce a gaban jama'a:

"Ku dai ba ku gajiya da sunan kare? Kwikwiyon sata ake ɓoyewa a waga, shi ya sa ake kiran karen haka. Yaron da aka laƙaba wa sunan kuma, ku tambayi kanku ta yaya ya shigo garin nan. Ko kun manta yadda yake ajiye wa dodon iyayensa lomar farko?"

Yayata Kulu tana bayan zana, ta ji komai. Ta girme ni da shekara goma. Daga ranar ba ta sake taka babban gidanmu ba, kuma ba a yi wata biyu ba ta kwanta. Da na je duba ta sai ta kori jikokinta daga ɗakin.

"Sale, kai ne mai ƙafa," ta ce. "Je ka tambayo. In sato Baba aka yi, ka faɗa mini ni kaɗai. Ba na so in mutu ban san ko jikar wa ce ni ba."

Abin da ban faɗa mata ba shi ne, ni kaina tun ina saurayi nake tsoron kada maganar ta zama gaskiya.

Ba zan tsaya kan hanya ba, hanya dai hanya ce. Na sauka Paraku, a kan hanyar Jugu, tsakiyar damina, ƙafafuna sun kumbura don zama. Wani direba ya kai ni unguwar Albarika, gidan da 'yan Nijar masu jigila ke kama ɗaki. Sunan unguwar ya kwantar mini da hankali, na ce ga shi har nan albarka ta riga ni. Bayan la'asar aka zauna shan shayi, aka tambaye ni abin da ke tafe da ni. A nan na yi kuskuren da ya kusa cinye tafiyar. Yaya dattijo mai furfura zai buɗe baki a gaban baƙi ya ce yana binciken ko ubansa ɗan sata ne? Sai na ce wani babban mutum ne a ƙasarmu ya aiko ni in sayo masa karen farauta, irin wanda ake kira ɗanwaga.

Na lura da yadda idanu suka haɗu a bayan kofuna. Washegari kafin in gama karin kumallo wani siririn mutum mai jakar takardu ya yi sallama. Sunansa Isufu, mutumin Doso, dillalin komai da komai.

"Bon, Alhaji, Allah ya haɗa ka da ni. Karen nan saura guda ɗaya tak a ƙasar nan, kuma na san inda yake. Wani mushe, babban mai kuɗi daga Kwatano, ya zo har sau biyu, mai shi ya hana."

"Ka taɓa ganinsa da idonka?"

"Ni? Ni da na yi masa wanka!"

Daga baya na gane a nan ne kaɗai ya faɗi gaskiya.

Ya karɓi abin da ya kira kuɗin gani, muka hau babura zuwa Kpebiye, bayan wani gida da ba a gama ginawa ba. Aka fito da kare a ɗaure da igiyar shanya. Ja ne, ba shakka, kuma siriri. Amma na ga karnukan Buzaye a Azawak, na ga salugin Larabawa a Cadi. Ramar kare mai gudu daban take da ramar kare mai yunwa. Na mai gudu ƙirjinsa zurfi gare shi, cikinsa a ɗame, yana kallon nesa. Wannan kuwa kwanon da ke hannun mai shi kawai yake kallo. Ina cikin zagaya shi sai yayyafi ya sauko. Karen ya girgiza jiki, sai ga jajayen ɗigo sun fesu a farar rigata tun daga wuya har gwiwa. Na shafa na sansana. Lalle ne.

Isufu ko ƙifta ido bai yi ba.

"Wala, ga shi nan! Ka ga alamar ke nan, Alhaji. Na asali haka suke, suna zubar da launi da damina."

Da ya ga na juya, sai ya biyo ni yana cewa ai asalin karen daga Wagadugu yake, sunan ma daga can ya samo, in ba shi kuɗin mota ya je ya kawo mini uwarsa da ubansa. Na ce masa na shiga Wagadugu fiye da yadda ya shiga masallaci, ban taɓa ganin kare mai kama barewa a can ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Alhaji ka iya zagi, ya kuma roƙi goro.

Ban san labari yana gudu haka a Paraku ba. Kwana uku a jere, duk safiya sai in tarar da mutane a ƙofar gida, kowa da karensa a igiya: baƙi, fari, gurgu, mai ƙazuwa, har da wani ƙato mai gashi irin na gadin gidajen Turawa. Kowa na rantsuwa nasa ne ɗanwaga. A rana ta huɗu mai gidan ya ja ni gefe.

"Alhaji, ba korarka nake ba. Amma mutanen unguwa suna magana. Dattijo da carbi, ya zo daga Nijeriya yana neman jan kare, kuma ba ya faɗin wanda ya aiko shi. Ka san abin da ake yi da jan kare."

Na sani. Tsafi suke nufi. Na shekara hamsin ina zargin mutanen tasha, yau ga shi ni ake zargi, kuma ban da bakin kare kaina.

A ranar nan zazzaɓi ya kama ni. Na kwanta a tabarma ina jin ƙarar ruwa a kwano, ina tuna furar Jega da tuwon shinkafar uwargidana, ina tambayar kaina wa zai wanke ni in na mutu a nan. Da hantsi wata mace mai sayar da koko a bakin layi, 'yar Bargu, ana kiranta Maman Rabi, ta leƙo da kofi a hannu. Na karɓa na riƙe, ban kai baki ba. A Kumasi an taɓa zuba wa abokina abu a shayi, ya farka ba mota ba takalmi. Tun daga lokacin ba na cin abin baƙo sai na ga ya fara ci. Ta dube ni, ta gane. Ta karɓi kofin ta kurɓa, ta mayar mini.

"To, Baba, in mutuwa ce mun tafi tare. Sha."

Na ji kunya, na sha. Ta ƙi karɓar ko sisi. Da za ta fita ta ce, da Hausarta mai karkata: "Abin da kake nema ba na tasha ba ne. 'Yan tasha jiya suka zo. Je ka Jugu, ka nemi gidajen da suke saukar da fatake tun zamanin jakai."

Jugu ta fi Paraku kama da gida. Lungunanta matsattsu, tsofaffin zauruka, ƙamshin goro da ɗanyen ganyen da ake naɗe shi. Ta tuna mini da wasu unguwannin Salaga da na taɓa ratsawa. Mutane na magana da Dandanci, wanda ɗan'uwan Zabarmanci ne, don haka ina tsintar fiye da rabi, sai dai na yi kamar ba na ji. Wannan ma dabarar tsohon direba ce. Tambaya ta kai ni gidan Alhaji Mumuni, mai sayar da goro, wanda kakanninsa masu masaukin fatake ne. Mutum ne kakkaura mai sanyin murya, ya girmi ɗana amma bai kai ni ba. Ya tarbe ni da kyau, ya sa aka shimfiɗa mini buzu, ya tambayi Jega kamar garin kawunsa ne. Sai na maimaita ƙaryata: an aiko ni in sayi ɗanwaga, ko nawa ne.

Fuskarsa ta rufe kamar an ja ƙyaure.

"Saya," ya ce.

"I, saya."

"Allah ya ba da sa'a. Mu goro muke sayarwa."

Ya juya ya ce wa ƙanensa da Dandanci: "Wani ɗan damfarar ne kuma, ko mai tsafi. Ku ba shi ɗakin zaure, amma kada ya wuce ƙofar ciki."

Kwana uku na yi a ɗakin nan. Baƙo baƙo ne, ba su fasa aiko mini da abinci ba: sakwara da miyar gyaɗa, wani lokaci shinkafa da wagashi, cukun Fulanin ƙasar. Ni kuma da na ji abin da ya faɗa a kaina, sai na ƙi taɓawa. Nakan ce cikina ne ba daɗi, in fita in sayi burodi in ci a tsaye a bakin kasuwa. Kwanukan na komawa ciki a rufe kamar yadda suka fito. Suna kallona, ina kallonsu. In na tafi masallaci ƙanen yana bayana. In na shiga ɗaki sai in tokare ƙofa da jakata. Na tambayi wasu tsofaffi biyu a kasuwa, da na ambaci sunan karen da maganar saye sai kowannensu ya tuna yana da wani uzuri. Abin ya ɗaure mini kai. A Paraku kowa yana da karen, a Jugu ba wanda ya taɓa jin sunansa.

A rana ta huɗu da safe 'yar Yaya Kulu ta kira ni.

"Kawu, Inna ta daina karɓar abinci. Jiya sau uku tana tambaya ko ka bugo."

Na ajiye wayar. Sannan na tashi na sami Alhaji Mumuni a rumfarsa yana yayyafa wa goro ruwa. Na gaishe shi da Dandanci. Hannunsa ya tsaya.

"Ashe kana ji."

"Ina ji, kuma na ji abin da ka ce a kaina. Ba ka yi laifi ba, ni na yi maka ƙarya. Ba wanda ya aiko ni sayen kare. Sunan ubana Ɗanwaga."

Na faɗa masa komai: kakanmu, yaron da kwikwiyon, maganar Garba, da Yaya Kulu a kwance. Lomar farko kaɗai na ɓoye, don ita ce na fi jin kunya. Ya saurara har na gama, bai sassauta fuska ba.

"To yanzu gado kuka zo nema? An yi mana haka bara waccan. Wani ya zo daga Ghana da labarin kakarsa, ƙarshenta ɗakuna biyu na bakin titi yake so."

"Ina da gidaje uku a Jega, Alhaji. Suna nake nema, ba ɗaki ba."

"Kowa haka yake farawa."

Ya ci gaba da juya goro. Can ya ce shi bai san komai ba sai abin da ya ji sama-sama, amma ƙanwar ubansa, Gwaggo Azumi, tana nan da rai a Bariyenu, inda ta yi aure. In akwai mai sani, ita ce. Ya kira wani mai babur, irin waɗanda suke kira zem, wani mai furfura a gemu sunansa Basiru, ya yi masa magana a kunne. Wannan raɗar ba ta yi mini daɗi ba.

Muka bar kwalta muka shiga jar laka. Gonakin doya da na yazawa dama da hagu, ba gida ba mutum. Na tuna duk labaran da na sani na baƙon da aka kai daji. Na zare 'yar wuƙata daga aljihu na riƙe a cikin hannun riga. A wani kwari babur ya zame, muka zube cikin taɓo, salansa ta ƙona mini ƙauri, wuƙar ta faɗi a fili tsakaninmu. Basiru ya dube ta, ya dube ni. Ya ɗauka ya goge a wandonsa ya miƙo mini ta wajen ƙota.

"Baba, riƙe abinka. Amma in za ka soke ni, bari mu haye kwarin nan tukuna, don kai kaɗai ba za ka iya fitar da babur ba."

Ya goya ni a baya ya haye da ni ruwan kwarin. Na tambaye shi abin da Alhaji Mumuni ya raɗa masa. Ya ce: "Cewa ya yi in tafi da kai a hankali, tsoho ne, kuma kwana uku bai ci abinci ba."

Mun isa da azahar. Gwaggo Azumi tana zaune a gindin mangwaro, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta haura casa'in, amma idonta ras. Hausarta irin ta da ce, wadda na daina ji tun rasuwar tsofaffinmu. Basiru ya gaya mata ko ni wane ne. Ta dube ni tun daga hula har takalmin da ya cika da laka.

"Kai ne mai sayen kare? Labarinka ya riga ka. Mumuni ya bugo."

"Ƙarya na yi, Gwaggo."

"Wanda ya yi ɗaya zai yi biyu. Ba na magana da mai yunwa. A kawo masa tuwo."

Aka ajiye mini sakwara mai zafi. Na duba, ba wanda zai fara ci kafin ni. Na tuna Maman Rabi, na tuna Basiru da wuƙa, na ce a raina, Sale, ya isa haka. Na wanke hannu, na yi bisimilla. Ban ma san na yi ba. Hannuna ya gutsuri loma ya ajiye a ƙasa, gefen tabarma ta hagu.

"Tsaya!"

Na ɗago. Tsohuwar ta miƙe zaune, sandarta na nuna lomar.

"Wa kake ba?"

Na ce a raina ga shi nan ma za a kira ni ɗan masu dodo. Na ce ba kowa, ɗabi'a ce kawai, a wurin ubana na gani.

"Hagu yake ajiyewa ko dama?"

"Hagu."

"Kullum?"

"Har ranar da ya rasu."

Ta rufe bakinta da gefen mayafi. Sannan ta ce in ci abincina, za ta yi magana ina ci.

Ta ce a zamanin jakai, farke yakan shekara biyu ko uku tsakanin Jugu da Gwanja, wani yakan auri 'yar mai masaukinsa. 'Ya'yan gidajen nan mata ba sa bin ayari, haka al'adar take. In an haihu aka yaye, uba zai tafi da ɗansa gida. To a lokacin hanya cike take da masu satar yara, kuma a kowace mashigar ruwa akwai masu tambaya: yaron nan na wa ne, saye ko sata? Gidajen masauki uku ne a Jugu suke da wani jan kare na farauta, wanda ke ciyar da ayari da naman daji. Ba a sayar da shi, ba a ba da aronsa, ko sarki ya nema sai dai ya yi haƙuri. Hanya ɗaya tak yake fita daga gida. Ranar da ɗan 'yarsu zai tafi, kawunnansa za su sa shi a wagar dama, su sa kwikwiyo a wagar hagu, a cika da goro har nauyi ya daidaita. Kafin tafiya uwar za ta yi wata guda tana koya wa yaron ya ba kwikwiyon lomar farko daga hannunsa, har karen ya ƙi cin na kowa sai nasa.

"Duk wanda ya tare ayari ya ga yaro da jan karen nan yana ci a hannunsa, ba ya sake tambaya. Ya san yaron yana da uwa, yana da kawunne, kuma sun san inda za shi. Ɓarawo zai iya satar yaro, zai iya satar kare. Ba zai iya sa kare ya ci a hannun yaron da bai sani ba. Shi ya sa ake kiransa ɗanwaga, don ba ya barin gidanmu da ƙafarsa, sai a waga. Yaran da suka tafi haka ma sunan yakan bi su. Wanda ya ce maka sunan sata ne, bai taɓa bin ayari ba."

Na tambaye ta ina karnukan suke yanzu. Ta ce motoci sun zo, jakai sun tsaya, ba yaron da ya sake tafiya a waga. Karnukan suka gauraya da na ƙauye. Na ƙarshe mai jinin asali ta gan shi tana amarya.

"Da ka ce wa Mumuni saye, ai zagin gidan ka yi. Da ka ci tuwonsu tun ranar farko, da matan gidan sun gani sun aiko mini. Kai kuma ka zauna kana cin burodi."

Tsohon hali ba ya barin mutum. Ko a lokacin wani gefe na zuciyata yana lissafi: ko Mumuni ya shirya mata labarin? Amma lomar ban faɗa wa kowa ba a ƙasar nan, kuma ba wanda ya ga na ci. Ita kuma ba ta nemi komai a wurina ba. Hasali ma, tuhumata ta shiga yi.

"Saura abu ɗaya, kuma ku ne da laifi. In karyar ta haihu, ana dawo da ɗan fari gidan uwa tare da ayari na gaba. Shi ne saƙon cewa yaro ya isa, yana raye. Ƙanwar ubana, Asana, ɗanta ya tafi da wani farke na wajen Kabi. Har ta tsufa, in ta ji baƙi sun sauka sai ta fita ta leƙa kayansu. Motoci ma da suka zo ba ta daina ba. Ina budurwa nakan raka ta tasha. Ba a taɓa kawo komai ba. Ta mutu tana cewa ruwa ya ci shi a hanya."

Na ce mata kakanmu ya rasu bai cika shekara da komawa ba, ba wanda ya san da wannan alkawari.

"Ban ce ubanka ne ɗan Asana ba," ta ce. "Gidaje uku ne, yara da yawa sun tafi. Amma na wajen Kabi da ba a ji labarinsa ba, ni ɗaya na sani."

Basiru ya ce wayata ba za ta sami rezo ba, wato sabis, sai a kan wani suri bayan gida. Can na hau da ƙonanniyar ƙafata na kira Jega. Aka kara wa Yaya Kulu waya a kunne. Na faɗa mata duka, a hankali, har da wagar hagu. Can ta ce:

"Yaya sunanta?"

"Asana, Yaya. Amma ba tabbas..."

"Asana," ta maimaita. "Sale, ka je ka gaya mata. Kada ka dawo ba ka gaya mata ba." Sai na ji ta ɗaga murya tana kiran 'yarta: "Ke, ina kunun nan? Kuma a aika wa Garba ina nemansa."

Washegari da hantsi, da muka koma Jugu, Alhaji Mumuni ya buɗe mini ƙofar ciki. Tsofaffin gidan a bayan gida ake binne su, gindin wata tsamiya. Amma bai bar ni na wuce ba sai da ya kira limamin unguwa da wani maƙwabci, ya ce in maimaita a gabansu cewa ba ɗaki nake nema ba. Na maimaita. Ban ji haushi ba, ni ma da haka zan yi.

Ya nuna mini wani ɗan tudu da dutse a kansa, ya ce nan Asana take kwance. Na tsuguna, na yi sallama, na yi addu'ar da ake yi. Sannan na rasa da wane harshe zan faɗa, duk da harsunan da nake taƙama da su. Na zaɓi Dandanci, don da shi ta yi wa ɗanta magana.

Na ce: "Ɗanki ya isa Jega lafiya. Ruwa bai ci shi ba. Ya yi shekara tamanin da wani abu, ya haifi tara. Kuma bai taɓa mantawa da lomar ba."